Ɗaura fankar lantarki a lagireton mota a gida: tambayoyi da amsoshi

Da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40 a ƙauyukan Kano da Jigawa, kuma a lokacin ne asirin kowane lagireto ke tonuwa. Golf mai lodin fasinja, a-kori-kura mai kai taki gona, bas ɗin 'yan kasuwar Wudil ranar Juma'a ko na Maigatari ranar Alhamis, sai ka gan su a gefen hanya an ɗaga bonet, yaron mota ya tafi neman ruwa. Tambayoyin nan su ne masu mota suka fi yi idan sun yi niyyar ɗaura fanka da hannunsu. Aikin yini guda ne ga wanda ya iya riƙe sifana. Ɗaura fankar kanta ba wuya, wajen haɗa wayoyi ne ake yin ɓarnar da ke ƙone mota.

Motata tana zafi. Idan na sa mata fankar lantarki shi ke nan?

Ba lalle ba ne, ɗan'uwa. Fara lura da lokacin da take zafin. Idan allurar geji tana hawa ne a tsaye, ko cikin cunkoson ranar kasuwa, ko a burji mai yashi inda kake jan giya ɗaya da biyu, amma da ka hau kwalta ka ba ta wuta sai allurar ta sauko, to iska ce ta yi mata kaɗan, kuma fanka za ta yi magani.

Idan mota ta wuce gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, iskar da ke shigo mata ta gaba ta isa ta sanyaya lagireto ko babu fanka. Don haka motar da ke zafi a kan gudu, ciwonta yana wani wuri: saƙar lagireto ta toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko famfon ruwa ya cinye, ko fambel ya saki, ko tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in ya yi zafi, ya maƙale a rufe, ko gasket ɗin kan injin ya fara ƙonewa.

Yi gwaji biyu kafin ka kashe ko kwabo. Da safe, injin na sanyi, buɗe murfin lagireto, cika ruwa, ka tayar da mota. Idan kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, zargi gasket. Na biyu, bayan injin ya yi ɗumi sosai, kashe shi, ka shafa bayan hannunka a hankali a kan saƙar lagireton. Inda ka ji sanyi alhali kewayensa na da zafi, bututun wurin sun toshe.

Kada a raina murfi. A kansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120, maimakon 100. Murfin da robarsa ta tsage zai sa mota ta yi ta aman ruwa ko da fanka uku ka jera mata.

Tawa tana da fankar fambel. In cire ta, ko in ƙara ta lantarki a kai?

Ya danganta da aikin da motar ke yi. Fankar fambel tana bin gudun injin: a silo ba ta da ƙarfi, amma idan injin ya ɗau wuta tana jan iska fiye da yawancin siraran fankokin lantarki da ke kasuwa. Motar da ke ɗaukar buhunan gero daga gona, ko Hilux da Canter masu shiga yashi da kaya, mu ba ma ba da shawarar a cire musu ita. A bar ta, a ƙara ta lantarki a gaban lagireto ta riƙa taimakawa a tsaye. Ƙaramar motar gida kuwa, irin tsohuwar Peugeot 504, ana iya cire ta a maye da babbar ta lantarki wadda ke da gidan roba kewaye da ita.

Idan fankar mai kuloci ce, gwada kulocin tukuna. A kashe injin, a juya fukafukan da hannu. Idan suka yi ta juyawa sakaka babu wani riƙo, man silikon ɗin ciki ya tsiyaye, kuma sau da yawa gyaran wannan kaɗai ya wadatar.

In ka cire ta, fambel yana nan daram, domin shi ke juya famfon ruwa da altaneto. Kusoshin da suka riƙe fankar su ne kuma suka riƙe fulin famfon ruwa a motoci da yawa, don haka a mayar da su. In sun yi tsawo bayan fitar fankar, a sa wasa ko a nemi gajeru, kar su tokari jikin famfon.

Wace iri zan saya, kuma inci nawa?

Auna saƙar lagireton kaɗai, ban da tankin sama da na ƙasa: faɗi da tsayi. Fankokin kasuwa suna zuwa inci 10, 12, 14 da 16. Ɗauki mafi girman da zai zauna a kan saƙar ba tare da ya hau tanki ba. Lagireto mai faɗi kuma gajere ya fi son ƙanana biyu a jere a kan babba guda. Abin nema shi ne a rufe kusan kashi 70 cikin 100 na saƙar. Idan kwalin ya nuna ƙarfin iska da lambar CFM, injin mai silinda 4 yana son kamar 1,250 zuwa sama, mai silinda 6 kamar 2,000, sai dai lambobin kwalin kayan araha ba abin dogaro ba ne.

A ganinmu fankar beljiyom da aka ciro daga wata mota tare da gidanta, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ta fi sabuwar siririya ƙarfi da ƙarko. Gidan nan na roba da ke kewaye da fanka ba ado ba ne. Shi ke tilasta wa iska bi ta duk faɗin saƙar, maimakon ta zagayo ta gefe ta koma cikin fankar. Tafi da ma'aunin lagiretonka a rubuce, har da tazarar da ke tsakaninsa da injin.

Duba wutar motarka kuma. Ƙananan motoci volt 12 ne. Manyan da ke da batir biyu a jere, kamar Canter da yawa, volt 24 ne, kuma fanka da rile, wato makunnin da zai riƙa ba ta wuta, duk sai na 24.

Yaya zan gane ta hannu mai kyau?

A haɗa ta da batir a gabanka. Ta tashi nan take, ba sai an ƙwanƙwasa mata ba. Wadda ke jiran ƙwanƙwasa, burushinta ya ƙare. Kama tsakiyar fukafukan ka girgiza: in akwai lilo, bushin ya cinye. Shinshina motar fankar, kada ka ji ƙauri. Fiffike ɗaya mai tsaguwa ya isa ya sa ka bar ta, domin rawar da za ta riƙa yi ita ce za ta tsaga lagireto. Ka karɓo ta da soket ɗinta da guntun wayarsa.

A gaban lagireto ake sa ta ko a baya?

Baya ya fi, wato tsakanin lagireto da injin, tana zuƙo iska. Ta gaba tana tura iska ne, kuma jikinta yana tare wani kaso na iskar hanya idan mota na gudu. Ana komawa gaba ne idan babu wuri a baya, ko an bar fankar fambel. A baya, a bar tazarar aƙalla inci 1 tsakanin motar fankar da fuli ko fambel, domin injin yana motsi a kan kujerunsa idan aka taka wuta, balle in kujerun sun tsufa.

Ko a ina take, iska daga gaban mota za ta shiga ta nufi injin. Juya wayoyi biyun yana juya motar fankar, amma a siraran fankoki da yawa sai an kwance fukafukan ma an kifa su, in ba haka ba za ta yi ta ƙugi amma iskar kaɗan ce. Duba kibiya ko rubutun da ke jikinsu.

Me da me zan tanada?

Rile mai ƙafa 4 ko 5 na amfiya 40 da soket ɗinsa, gidan fiyus mai murfi da fiyus, makunnin zafi wanda masu riwaya ke kira fan suwic, waya mai kauri kamar mita 4, siririya kamar mita 5, kawunan waya masu zobe, baƙin tef, bututun roba na rufe waya, da igiyoyin roba na ɗaure ta. Sai falalen ƙarfe mai kaurin milimita 3 da faɗin 20 zuwa 25, kusoshi masu noti da wasa, da guntun tsohon tib na taya. Kayan hannu: sifana 8, 10 da 12, filaya, sukuddireba, abin huda ƙarfe, da mitar auna wuta ko ƙwan gwaji. Jarkar ruwa mai tsabta da bokiti su ma su kasance kusa.

Kafin komai, injin ya huce sarai, a kwance kan batir mai alamar ragi. Ajiye agogon hannu da zobe.

Yaya ake ɗaure ta kada ta huda lagireto?

Sababbin fankoki suna zuwa da wasu tsinkayen roba da ake sokawa ta cikin saƙar. A hanyoyinmu kada a dogara da su. Nauyin fankar gaba ɗaya yana rataye ne a kan bututun lagireto masu laushi, kuma gargadar burji za ta sa tsinken ya yi ta goga har ya huda.

Yi mata ƙafafu da falalen ƙarfe. Yanke guda biyu da za su gitta daga gefe zuwa gefe ko daga sama zuwa ƙasa, a lanƙwasa bakinsu, a ɗaure su a jikin firam ɗin lagireto ko ramukan da tsohon gidan fanka ya bari. Idan sai an yi walda, a kai wa mai walda ƙarfen kaɗai, ba a jikin mota ba. Tsakanin ƙarfe da lagireto a sa guntun tib. Bakin gidan fankar ya matso jikin saƙar sosai, da soso ko roba a tsakani, don kada iska ta sata ta gefe. Su kuwa fukafukan kada su taɓa komai. Juya su da hannu ka saurara. Kowace kusa a sa mata wasa mai tsaga ko noti biyu. Idan fanka ɗaya ce kuma ba ta rufe saƙar duka ba, matsar da ita ɓangaren da tiyon sama ke shigowa, nan ne ruwa ya fi zafi.

Mai riwayar garinmu ya ce a yi mata dairek kawai. Mene ne aibinsa?

Wannan ita ce al'adar da ta fi yawa, kuma ita muka fi so a bari. Dairek shi ne a ɗauko wuta daga wayar makulli a kai wa fanka kai tsaye, mota na tashi fanka na tashi.

Siririyar fanka mai wat 80 tana jan kusan amfiya 7. Babbar ta beljiyom tana iya jan 15 zuwa 25, kuma a daidai lokacin tashi takan ja ninki biyu ko uku na haka. Makullin mota da siraran wayoyin bayansa ba a yi su don wannan kaya ba. Suna ɗumi a hankali, roba ta narke, wata rana makulli ya daina aiki ko hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin sitiyari. Wani lokaci ma ka kashe mota ta ƙi mutuwa na 'yan daƙiƙu, domin fankar da ke ci gaba da juyawa tana mayar da wuta cikin layin makulli.

Ita kanta fankar an yi ta ne ta tashi ta huta. Idan tana aiki daga Dambatta har Kazaure ba tsayawa, burushinta na ƙarewa da wuri, kuma ranar da za ta mutu ba za ta yi sallama ba. Ga altaneto da ke ɗauke da kayan da babu buƙatarsa a kan gudu. A sanyin hunturu kuma, in an haɗa da cire tamostat, injin ba ya kai zafin aikinsa, sai ya yi ta shan mai.

Mai riwayar yana da hujjarsa: ya sha ganin fan suwic ya mutu mota ta tafasa. Maganin wannan shi ne suwic mai kyau da ƙaramin makunnin hannu na ko-ta-kwana, kamar yadda za a gani a ƙasa.

To yaya ake haɗa rile?

Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya wuce da babba. Kifa shi, za ka ga lambobi kusa da ƙafafunsa: 30, 85, 86, 87, wani kuma da 87a a tsakiya.

Layin babbar wuta da waya mai kauri ake yin sa. Daga kan batir mai alamar tarawa zuwa fiyus, daga fiyus zuwa ƙafa 30. Daga ƙafa 87 zuwa wayar wutar fanka. Ɗaya wayar fankar ita ce at, a ɗaure ta a bodi da waya mai kauri iri ɗaya.

Layin ƙaramar wuta siririyar waya ta ishe shi, domin abin da yake ja bai kai rubu'in amfiya ba. Nemi wayar da ke kawo wuta idan an murɗa makulli kawai, ka tabbatar da ƙwan gwaji, ka sa mata fiyus na amfiya 5, ka kai ta ƙafa 86. Daga ƙafa 85 zuwa ƙafa ɗaya ta fan suwic, ɗaya ƙafar suwic ɗin zuwa bodi. Ruwa na yin zafi suwic zai haɗe, rile ya yi ƙas, fanka ta tashi.

Ƙafa 87a a bar ta, a naɗe ta da tef. Tana ɗauke da wuta duk lokacin da fanka ke hutawa, in ta taɓa ƙarfe fiyus ya tafi.

Wasu suna kai 86 batir kai tsaye don fanka ta ci gaba bayan an kashe mota. Amfaninsa kaɗan ne tunda famfon ruwa ya tsaya, ga cin batir, ga haɗarin ta tashi yaro na da hannu a wurin. A bar ta a makulli.

A ɗaure rile a tsaye, ƙafafu na kallon ƙasa don ruwa kada ya kwanta ciki, nesa da bakin salansa. Wurin at kuwa a kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da kan waya mai zobe, a shafa ɗan giris a kai. Da yawa daga cikin fankokin da ake cewa ba su da ƙarfi, at ɗinsu ne ke kan fenti. Fanka biyu, rile biyu da fiyus biyu, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta kai ka gida.

Wace waya, kuma fiyus na nawa?

Fankar da ke jan ƙasa da amfiya 10, waya mai milimita 2.5 da fiyus 15 ko 20. Babbar da ke jan 15 zuwa 20, waya mai milimita 4 da fiyus 30. A fiyus masu ƙafa biyu, shuɗi 15 ne, rawaya 20, kore 30. Fiyus ɗin ya zauna kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, domin wayar yake karewa. Duk tsawon da ke tsakaninsa da batir ba shi da mai tsaro.

Wayar ta zama mai silli-silli ta jan ƙarfe. Wayar wutar gida mai ƙwaya ɗaya tana karyewa da girgiza. Kankare sillin da wuƙa kafin ka biya: in cikinsa fari ne fat kuma yana karyewa da sauƙi, alminiyom ne aka shafa wa ja. Wayar sola mai milimita 4, wadda yanzu ake samu har a ƙananan garuruwa, tana yin wannan aiki da kyau, kuma tana jure zafi.

Kada a murɗe waya biyu da hannu a naɗe tef a ce an gama. A matse da kan waya ko a yi dalma. Kada kuma a maye fiyus da sillin waya ko takardar kwalin sigari. In fiyus na ƙonewa, akwai dalili.

Ina ake sa fan suwic, kuma na digiri nawa?

Hanya uku ce. Wasu lagiretocin, kamar na Golf da Peugeot, suna da ramin suwic mai zare a jikin tanki, yawanci na milimita 22. In akwai shi, nan ne wurinsa. In babu, akwai guntun bututun ƙarfe mai ramin suwic da ake yanka tiyon sama a saka a tsakani da kilif biyu. Auna cikin tiyon kafin ka saya. Ta uku ita ce mai tsinke da ake cusawa tsakanin ganyen saƙar kusa da bakin tiyon sama. Ita ta fi sauƙin sawa, ba a zubar da ruwa, amma ta fi saurin kuskure kuma girgiza na fitar da ita.

Lambobi biyu ne a jikin suwic, misali 92 da 87: na farko inda zai kunna, na biyu inda zai kashe. Duka biyun su kasance sama da lambar tamostat ɗinka. Tamostat mai 82 ya dace da suwic mai kunnawa a 90 zuwa 92, mai 87 ko 88 kuma da mai kunnawa a 95. In lambar kashewa ta faɗo ƙasa da ta tamostat, fanka in ta tashi ba za ta ƙara tsayawa ba.

Suwic mai ƙafa ɗaya ta jikinsa yake samun at. Kada a naɗe zarensa da farin tef na famfo, kuma in a cikin tiyo yake, sai an ja wa bututun ƙarfen wayar at zuwa bodi.

A yi hattara da suwic ɗin tsofaffin Toyota irin su Corolla da Carina. Nasu a juye yake aiki: a haɗe yake in ruwa na sanyi, ya buɗe in ya yi zafi. In ka sa shi a haɗin da muka bayyana, fanka za ta yi aiki da sanyi ta tsaya daidai lokacin da ake buƙatarta. Gwada kowane suwic a gida. Ɗora tukunya a murhu, tsoma kan suwic ɗin kaɗai, mita na kan ƙafafunsa. Da sanyi kada ya nuna haɗi, gab da tafasa ya haɗe.

An riga an cire wa motata tamostat. In mayar?

Mayar da shi, Malam. Tamostat mai lafiya ba ya sa mota zafi. Buɗewa yake gaba ɗaya idan ruwa ya yi zafi. A injuna da yawa ma shi ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin, in babu shi wani kaso na ruwan ba ya bi ta lagireto sam. Gwada sabon a tukunyar nan ka ga ya buɗe kafin ka ɗaura.

Motar tana da esi. Fanka za ta tashi in na kunna shi?

Ya kamata, domin kondensa na gaban lagireto tana buƙatar iska ko injin bai yi zafi ba. Ƙara rile na biyu: ƙafarsa 86 daga wayar wutar kwamfuresa, 85 da 30 duka zuwa bodi, 87 kuma zuwa ƙafa 85 ta rilen farko. Kada a haɗa wayar kwamfuresa da fanka kai tsaye.

Makunnin hannun da kuka ambata fa? Kuma da damina in zan ratsa ruwa?

Ja siririyar waya daga ƙafa 85 zuwa ƙaramin makunni a dashbod, ɗaya ƙafarsa zuwa bodi. Ranar da suwic ya mutu, ko ka ga allura na hawa a cikin yashi, ka kunna da hannu. Sauran lokaci a bar shi a kashe.

Ratsa ruwa kuwa, kamar yadda ake fama a yankin Haɗeja da Auyo idan kogi ya cika, fanka mai juyawa in ta shiga ruwa fukafukanta na lanƙwashewa su sari lagireto, ko su karye. In ruwan zai kai tsayin fankar, tsaya ka zare babban fiyus ɗinta. Ajiye shi a gaban gejin gudu inda idonka zai faɗa kansa, ka mayar da zarar ka haye. Mantuwa da shi ta fi ruwan haɗari.

Na gama haɗawa. Yaya zan gwada?

Mayar da kan batir, murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba, ka haɗa wayoyi biyun fan suwic da guntun waya. Fanka ta tashi. Kawo takarda gaban lagireto: ta manne, alamar iska na shiga. In ta ture ta, an juya fankar.

Cika ruwa a hankali kana matsa tiyon sama don iska ta fita. Wannan mataki ba na wasa ba ne: in iska ta taru a wurin suwic, kansa a bushe yake, ba zai ji zafin ruwa ba, mota na tafasa fanka na barci. Tayar da injin da murfi a buɗe har tiyon sama ya yi zafi ruwa ya sauka, ƙara, rufe. Bar ta a silo, idonka a geji. Cikin minti 10 zuwa 20 fanka ta tashi da kanta allura na wajen tsakiya, ta yi minti ɗaya ko biyu ta tsaya. Jira ta yi haka sau uku. In allura ta wuce kashi uku cikin huɗu fanka ba ta motsa ba, kashe injin.

Bayan nan taɓa wayoyi da gidan fiyus. Ɗumi kaɗan ba komai, zafin da ba ka iya riƙewa yana nufin waya ta yi siriri ko haɗi ya yi sako-sako. Bayan mako guda a sake ɗaure kusoshi.

Ta ƙi tashi, ko fiyus na ta ƙonewa. Ta ina zan fara?

Haɗa wayoyin suwic kamar ɗazu. In ta tashi, laifin na suwic ne ko iska a cikin ruwa. In rile ya yi ƙas fanka shiru, duba babban fiyus, at ɗin fanka, sannan motar fankar. In ko ƙas ɗin babu, wuta ba ta zuwa 86, ko rilen ya mutu. Zare shi ka haɗa ramin 30 da 87 da waya mai kauri: in fanka ta tashi, layin babbar wuta lafiya lau.

Fiyus da ke ƙonewa nan take, waya ce ta goge ta taɓa bodi. Bi ta inda ta ratsa ƙarfe. Wanda ke ƙonewa sai fanka ta tashi, ko ya yi ƙanƙanta, ko motar fankar ta yi tauri tana jan wuta fiye da ƙima. Wanda robarsa ke narkewa bai tsinke ba, bakin gidan fiyus ne ya saki.

Batir zai iya ɗauka?

Altaneto ne ke ɗauka, kuma na tsofaffin motoci da yawa bai wuce amfiya 45 zuwa 55 ba. Sa mita a kan batir injin na silo, ka ga volt 13.5 zuwa 14.5. Kunna fitilu da fanka. In ya faɗo ƙasa da 13 ya zauna, ɗaure fambel tukuna, ka wanke kawunan batir. In bai gyaru ba, altaneton ya yi wa wannan fanka kaɗan.

Motata ta zamani ce, birenbos ke kunna fankar. Haka zan yi mata?

A'a. A irin waɗannan motoci ƙwaƙwalwar ce ke karanta zafi ta ba da umarni, wasu ma da ƙaramin akwati a jikin fankar mai sarrafa gudunta. In fankar ta mutu, a sa irinta a soket ɗinta. Kada a yanka wayar sensa, a kai wa mai riwayar da ke da na'urar karanta mota.

Bayan an ɗaura, wace kulawa take so?

Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin lokacin sussuka suna toshe saƙar lagireto kamar bargo, musamman tsakaninsa da kondensa inda ido ba ya gani. Duk wata, injin na sanyi, a watsa ruwa daga ɓangaren injin zuwa waje, ba da matsi mai ƙarfi ba don kada ganyen su kwanta, kuma kada a nufi motar fankar da shi. Leda da ke mannewa a gaba a cire ta. Motar da ta kwana biyu a ajiye kusa da rumbu, a duba wayoyinta kafin a tayar, ɓera na son robarsu.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri a bututu da kan suwic, har ya daina jin zafi da wuri. A yi amfani da ruwan lagireto mai launi, in za a sirka a sirka da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba. A cikin mota kuma kullum a ajiye rile ɗaya, fiyus biyu da guntun waya mai kauri.